Baƙin Zaren Batula

Ranar da bel ɗin injin casa ya kama hijabin Hadijatu, ba wanda ya ji ihunta saboda ƙara. Batula ce ta ji muryar injin ta sauya, ta kai hannu ta kashe shi tun kafin ta ɗaga ido ta ga dalili. Aka zare Hadijatu da rabin hijabi a wuya, ɗaya rabin ya nannaɗe a ƙarfe kamar tsumman da aka matse. Ta yi mako biyu da shatin jini a maƙogwaro. Da sauran shan ruwanta a duniya, shi ke nan.

Injin na ƙungiyar mata masu gumin shinkafa ne a Kebbe. Su ashirin da uku ne. A jiƙa shinkafa, a turara, a shanya, sannan a kai ta ɗakin inji a raba ta da ɓuntu. Ni ba na taɓa ko ɗaya daga cikin ayyukan nan. Da na ajiye alli suka naɗa ni uwar ƙungiya, wai don ina iya yi wa mutanen ofis gardama da Turancinsu.

Bayan kwana uku da hatsarin, Mannir, matashin da ke kula mana da inji da takardu, ya tara mu a rumfar shanya.

"Iyayena, ku yi haƙuri da abin da za ni faɗi. Daga ɗaya ga wata, ba mai shiga ɗakin inji da hijabi mai jan ƙasa. Yunifom za a ɗinka ma kowa."

Ya zagaya da wayarsa yana nuna hoto: wasu mata a wata masana'anta, riga mai bin jiki, maɓallai jere a gadon baya, da ɗan kallabi irin na 'yan makaranta. Ya ƙara da abin da aka koya musu a wani taron bita a Sakkwato, wai yunifom yana mai da ma'aikata ɗaya, ba babba ba ƙarami, ba 'yar gari ba 'yar ruga.

Wannan magana na sha jin ta, kuma ba ta taɓa shiga kaina ba. Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa gaban layin yara masu kaya iri ɗaya, ban taɓa kasa gane 'yar gidan da babu sabulu ba. Kafin zango ya ƙare shuɗin wata ya koɗe, na wata yana nan kamar jiya aka rina. Kayan gida suna da maɓoya, kowa da irin nasa, ba a san da wa za a gwada ka ba. Ranar da aka sa wa mutane abu ɗaya, ranar ake ganin wanda ya bambanta. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai idona ya sauka a wuyan Hadijatu. Na mai da bakina na rufe.

Wadda ban kalla ba, don na san in na kalle ta kowa zai kalla, ita ce Batula.

Batula 'yar masu shanu ce daga wata ruga a bayan fadama, shekararta uku tare da mu. Tana da ƙusumbi. Tun tana 'yar shekara bakwai bayanta ya fara tashi bayan wata doguwar jinya, ya yi ta tashi har ya tsaya inda Allah ya tsai da shi. Hijabinta babba ne, mai kauri, ruwan ƙasa, kuma a ƙarƙashinsa tudun nan ba ya kama da komai sai goyo. A kasuwa, a bakin rijiya, a cikin mota, baƙi kan ce mata, "Sannu mai goyo, ya kwanan yaro?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau." Shekara uku yaron bai yi kuka ba, bai ƙara girma ba. Duk matan ƙungiya sun sani. Ita ma ta san sun sani. Amma ba wadda ta taɓa gani da ido, kuma a kan wannan ɗan siririn bambanci Batula ta kafa zamanta da mu. Ko a ɗakin inji wurinta ɗaya ne, gefen mazurarin da ake zuba shinkafa, bayanta manne da bango.

Ba a kuma iya cewa ta koma wajen shanya inda ba bel. Batula ce kunnen injin. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza ta ce wannan buhun a mai da shi rana, da sauransa. Takan saurari ƙara ta ce a sassauta, za a fara karya shinkafa. Ranar da ba ta zo ba, rabin abin da ke fitowa tsaki ne. Da aikin nan take riƙe da kanta da tsohuwarta.

Da aka watse ta jira kowa ya yi nisa, sannan ta matso.

"Inna Malama, ni ƙarshen wata za ni aje aiki."

"Don mi?"

"Kin san don mi."

"Bari mu ga abin da tela za shi yi tukuna."

"Tela ba shi ɗinka ma mutum sabon baya, Inna."

Ta ja hijabinta ta tafi.

Ɗinkin aka ba Attahiru, tsohon tela a bakin kasuwar Tambuwal. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara ban taɓa gaishe shi gaisuwar mutunci ba, shi ma bai taɓa ba. A wajenmu namiji ba ya ɗora wa matar mutane tef. Mace takan aika da rigarta, ya auna rigar, ya mayar. Da yake ba kowa ke da rigar da za ta yi mako a hannun tela ba, Mannir ya shirya da wani direban bas: kullum a ba shi riga biyu ko uku, kowace da takardar suna, ya kai da safe ya dawo da su da la'asar.

Ana kwana goma da farawa Attahiru ya kira ni a waya.

"Hedimasta, in kina da sauran ƙafa ki taho Tambuwal. Akwai abin da nika son ki gani da idonki. In na faɗa maki a waya cewa za ki yi tsufa ya taɓa ni."

Na same shi a kan kekensa, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, ƙyallaye har idon sawu.

"Tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran in yanka maki likkafani tukuna, kar a ba wani shi ɓata yadi. Zauna." Ya jawo wata rigar atamfa koriya mai zanen ganye, ɗinkin zamani, ya shimfiɗa a teburin yanka. "Karanta takardar. Ke ta mai ilimi."

"Ruwaida."

"Jiya sunanta Zahara'u. Shekaranjiya Mu'minatu." Ya juya hammatar rigar ya nuna mini wani ɗan gyara da aka yi da jan zare. "Sau tara rigag ga tana shigowa shagona, da suna tara. Ko dai matan Kebbe a turmi ɗaya anka daka su, ko kuwa kuna da aljana cikin ƙungiya."

Ya buɗe littafin awo. Sunaye tara, awo ɗaya, ba ragi ba ƙari. Na bakwai a jerin Batula ce.

Na gane rigar. Ta Saudatu ce, mai ƙirar kalangu, mai bakin da ba ya hutawa, wadda mijinta ke fataucin albasa zuwa kudu. Da ƙaramar salla ta ɗinka ta. Nan take na gane abin da ya faru. Rigunan matan nan sun sha hayaƙin gumi, faci a kan faci. Wace ce za ta yarda a baje rigarta a shagon namiji a bakin kasuwar Tambuwal, da sunanta maƙale a jiki? Sai kowace ta bi ta ƙofar Saudatu da ɗan sallama a hankali. Ba wadda ta tsaya ta tuna cewa tela ba kyan riga yake dubawa ba, faɗinta yake aunawa. Ko sun tuna, kunya ta fi ƙarfin tunanin. Ruwaida fa, wadda in ta zauna a benci sai mutum biyu sun tashi, rigar Saudatu ta aiko.

Na yi dariya har da hawaye, sannan na share ido na dube shi.

"Ka gani ko? Tun ba a sa almakashi ba yunifom ya fara tona asirin mutane."

"Ba yunifom na ba, awon na." Ya buɗe wani tsohon gwangwani ya ciro dunƙulen zare biyu, fari da baƙi. "Maigidana da ya koya mani ɗinki, da wanga shika auna matan kulle. Fari na gaba, baƙi na baya. Daga gindin wuya zuwa ƙugu, ki yi ƙulli. Daga nan ki ci gaba, hammata zuwa hammata, ƙulli. Kafaɗa zuwa wuyan hannu, ƙulli. Ƙugu zuwa idon sawu, ki yanke. Mace ta auna mace, a cikin ɗaki. Kar a rubuta suna. Kowace ta ɗaure zarenta biyu da ɗan ƙyallen zanenta. Ita ta san ƙyallenta. Ni ban sani ba, ban kuma son in sani."

Haka aka yi. Muka shiga ɗakin ajiyar buhuna muka rufe ƙofa, kwana biyu ana awo ana shewa. Saudatu ta ce ita yanzu rigarta ta fi ta sanin Tambuwal, a bar ta ta huta kafin ta nemi miji a can. Ruwaida ta cinye rabin dunƙulen fari ita kaɗai. Aka samu zare ashirin da biyu. Batula ba ta shigo ba.

Ran Juma'a da safe na hau bayan babur zuwa rugarsu. Na same ta tana wanke ƙwarya, tsohuwarta ta bi 'yan maruƙa bakin fadama. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, ta kawo nono, ta zauna ta jingina da bango. Ko a gida da hijabin take.

"Inna, kin sha hanya a banza."

"Na saba. Rabin hanyoyin da nis sha a duniya a banza nis sha su."

Na fito da zaren na ajiye tsakaninmu. Ta dube shi kamar mai duban maciji da aka ce mata ba ya sara.

"Ki gaya mani gaskiya. In anka ɗinka, za ta rufe?"

A kan babur na shirya ƙaryar da zan yi mata, mai kyau, mai daɗin ji. Da ta dube ni sai na neme ta na rasa.

"Ban sani ba, ɗiyata. Ni kaina ban yarda da abin ga ba. Amma ba sunanki a kai, kuma in ba ta yi ba, ba wanda za shi tilasta maki sawa."

Wata kaza ta leƙo ta koma.

"Ba ni cire hijabi."

"Kar ki cire."

"Kuma ki rufe ido."

Na rufe. Na ji ta taso daga jikin bango ta durƙusa a gabana. Na zura hannu ta ƙarƙashin hijabin na fara da fari. Daga wuya zuwa ƙugu bai kai na yarinya 'yar shekara goma ba. Na yi ƙulli. Sannan ta juya. Na ɗora bakin baƙin zaren a gindin wuyanta na fara bi. Yatsuna suka hau, suka yi ta hawa, zare yana ta warwara daga dunƙule ba ya tsayawa. Ƙashi ne, mai ɗumi, ya ɗan karkata wajen dama, kuma ina jin numfashinta yana ɗaga shi yana sauke shi a ƙarƙashin tafina. Ban san abin da na yi zaton zan taɓa ba. Shekara uku ina kiran abin nan lalurar Batula a zuciyata, kamar wani kaya ne da aka ɗora mata a hanya. Da hannuna ya sauka a kai na gane ba kaya ba ne. Ita ce. A nan numfashinta yake, da nan take tashi da asuba ta tako hanyar fadama, da nan ta kai hannu ta kashe inji ta bar wa Hadijatu ranta. Na ji kaina yana sara mini don mamakin yadda Allah ke lanƙwasa ƙashi kamar reshe, ya kuma bar rai yana aiki a ciki.

"Inna, yi sauri."

Na yi ƙulli, na ƙarasa sauran, na yanke. Sai da na ji ta koma jikin bango sannan na buɗe ido. Ta yago ɗan shuɗin ƙyalle daga bakin tsohon zanenta ta ɗaure zaren da kanta.

Washegari na kai wa Attahiru. Ya rataye su a jere a kan ƙusoshin bango, fari da baƙi, fari da baƙi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja a tsakanin yatsunsa. Na taɓa ganin malamai suna karanta allon da ya kusa gogewa. Haka yake yi.

"Wagga tana shayarwa. Wagga kafaɗarta ta sauka, ta sha ɗaukar ruwa tun tana ƙarama. Wagga kuwa..." Ya yi murmushi. "Farinta ya ɗara baƙi da yatsa uku, ga ta siririya. Ciki na, wata fuɗu ko biyar, kuma na fari na, shi ya sa ba ku ji labari ba. Za ni bar mata wuri. Ke kuma ki yi awa ba ki ji ba."

"Duk a zare kag ga wannan?"

"Ina kika so in gani, a jarida?"

Ya iso kan mai shuɗin ƙyalle. Ya daidaita bakin fari da bakin baƙi ya ja su tare. Ƙullin fari ya zo. Na baƙi bai zo ba. Ya ci gaba da ja, taƙi ɗaya, da yatsa fuɗu, sannan ya zo. Ya cire tabarau. Ya sake bi daga farko, a hankali, har leɓensa yana motsi. Bai tambaye ni ko wace ce ba.

Na ce, "Ita za ka ɗinka ma tata daban. Ka ƙara mata yadi a baya."

"Hedimasta, karatun ga naki ina shika tafiya in ana bukatatai? Mata ashirin da biyu da riga mai bin jiki, ta ashirin da uku da buhu a baya? Ai gara in rubuta mata suna da jan fenti."

"To mi za ka yi?"

Ya zauna a kan kujerar keke da zaren a cinyarsa.

"Shekara hamsin ina yanka riga a kan mai miƙaƙƙen jiki, sannan in lallaɓa ma saura. Haka anka koya mani, ban taɓa tambaya ba. Wannan karon da wanga zaren za ni fara. Sauran su biyo shi." Ya ɗago. "Ɗakin injin naku, da zafi?"

"Awa tanderu."

"Madalla."

Ban gane madallar mene ne ba, kuma ban tambaya ba don kada ya ji daɗi. Da Mannir ya ji ba za a bi hoton wayarsa ba ya kira yana ƙorafi. Attahiru ya ce masa, "Yaro, cewa kay yi kar komi shi yi lilo kusa da bel, ko? Ba abin da za shi yi lilo. Saura ka bar ma mai almakashi."

Ran ɗaya ga wata da hantsi direba ya sauke buhu biyu a ƙofar injin. Kowace riga a naɗe, ɗaure da zarenta da ƙyallenta. Na sa Mannir ya fita bakin titi ya jira. Mata suka yi ta tsintar ƙyallayensu. Batula ta zo, amma sallama ta zo yi, da ɗaukar kofinta da ke rataye a ɗakin inji. Na ɗauki mai shuɗin ƙyalle na danƙa mata. Ta karɓa ta koma jikin bangon rumfa ta tsaya, rigar a ƙirjinta.

Saudatu ce ta fara shiga ɗakin buhuna ta sa. Da ta fito muka ga abin da tsohon nan ya yi.

Yadin toka-toka ne mai ƙananan ɗigo farare, wanda Mannir ya sayo. Gaban rigar ba wani ado, sai wata 'yar tsaga a ɓoye ƙarƙashin ninki saboda masu shayarwa. Hannu ya matse a wuyan hannu. Lulluɓin kai a haɗe yake da wuyan rigar, ya rufe wuya da ƙirji, an kama gefensa da ɗinki ba ya motsi. Amma bayan! Daga ƙeya ya ɗauko wani faffaɗan yanki da ya ninka sau uku ya bi da ɗinki har ya yi tauri, ya tashi daga jiki kamar 'yar rumfa, daga nan manyan tattara suka gangaro suka shige ɗamarar ƙugu. Ba abin da ke reto. Sai dai bayan rigar ya yi tudu, taƙi guda daga jikin mai ita.

Saudatu ta yi ta murɗa wuya tana son ganin bayanta.

"La'ilaha illallahu! Inna Malama, wanga tsoho naku mi munka yi mai? Ya mai da mu zabbi! Ni da nika da ƙugu, ina ƙugun yat tafi?"

Ruwaida ta ce, "Ke dai gode Allah, naki tafiya yay yi. Nawa bai taɓa zuwa ba."

Rumfa ta kaure da dariya. Saudatu ta kai hannu baya ta dafa tudun.

"Wallahi ba ni sa wagga. Ai duk wanda yag gan ni sai shi ce ina da..."

Ta tsaya. Hannunta yana nan a kan tudun. Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya, har ana jin tattabaru suna tsattsagar ɓuntu a bayan rumfa. Ba wadda ta dubi wajen bango. Na san Saudatu, tun da aka haife ta ba ta taɓa haɗiye magana ba, kuma aikin Batula yana rataye a kan kalma ɗaya da ke bakinta. Na ga idonta ya sauka a kan rigunan da ke hannun mata, duka iri ɗaya, duka da tudu. Na ga lokacin da ta gane. Fuskarta ta yi wani iri, kamar wadda aka tasa daga barci aka nuna mata wata ya fito da rana.

"...sai shi ce ina da fanka a baya," in ji ta. Ta girgiza kafaɗa. "Kai! Ku ji iska! Wallahi iska na shiga har ƙugu!"

Ba ƙarya ta yi ba. Nan na gane madallar Attahiru.

"Zabbi ko? To ni ta sarauniyar zabbi. Ku tashi ku sa, 'yan baƙin ciki, ko sai na aro maku tawa ta goma?" Ta bi ta gefen bango tana kwaikwayon kukan zabuwa, ta riƙo hannun Hadijatu da hannu ɗaya, da ɗayan ta riƙo na Batula kamar ba da gangan ba, ta ja su. Duk suka ɗunguma cikin ɗakin buhuna gaba ɗaya, aka turo ƙofa.

Ban shiga ba. Na zauna a kan turmi ina jin hayaniyarsu. Ban san bayan wane buhu Batula ta laɓe ba, ban san wa ya tsaya ya kare ta ba, kuma har yau ban tambaya ba.

Ƙofa ta buɗe suka fito a cunkushe, suka nufi ɗakin inji, sun ba ni baya. Na ƙirga. Ashirin da uku. Na sake ƙirgawa. Sannan na fara nema. Ni da nake tsamo yarinya ɗaya cikin ɗari uku da ƙeya kawai, na bi bayan nan ɗaya bayan ɗaya. Gajeru fuɗu ne a ƙungiya, na tsai da ido a kan kowace, ban iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. A rigar kowa iska ce ta cika wurin, a riga ɗaya mutum ne, kuma zaren tsohon nan bai bar mini hanyar gane wacce ba. A kan ƙusar ƙofar ɗakin buhuna hijabai ne rataye kan juna, kuma a cikinsu akwai wani mai kauri, ruwan ƙasa.

Mannir ya shigo daga titi ya leƙa ɗakin inji. Ya dubi gefen mazurari, wajen bango. Ba kowa.

"Ina Batula? Ba ta zo ba? To wa za shi tada inji?"

"Ga ni nan, Mannir," wata murya ta ce daga tsakiyar ɗaki. "Bel ɗin ga ya yi sako-sako. Kawo sifana."

Tana sunkuye a kan injin, bayanta yana kallon ƙofa.

Maganar da Mannir ya kwaso a taron bita har yanzu ban yarda da ita ba. Da la'asar kowace za ta ɗauki hijabinta, Batula ta koma mai goyo a hanyar fadama, Saudatu ta koma gidan mai albasa. Riga ba ta gyara wannan. Amma abin da na gani da idona ba zan ce ban gani ba. Da injin ya tashi na fita bayan rumfa na kira Tambuwal.

"Salamu alaikum. Malam Attahiru, sannu da aiki. Allah shi saka maka da alheri."

Ya ce, "Hedimasta? Lafiya? Ko ciwo kika yi?"

"Lafiyata lau."

Ya ɗan jima yana sauraren ƙarar injin ta cikin waya.

"Mai shuɗin ƙyalle fa?"

"Na neme ta cikinsu, ban gane ta ba."

"To," in ji shi. Na ji ya taka kekensa ya ci gaba da ɗinki.